Layuka Talatin da Takwas da Na Naɗe

Mama ta sauya labulen falo. Da wannan zan fara, don ku san yadda aka ɗauki zuwan ranar Asabar ɗin nan a gidanmu. Shekara goma sha ɗaya muna zaune da wani labule ruwan ƙasa da rana ta cinye gefensa, ba wanda ya taɓa cewa ya tsufa. Amma tun ranar da Injiniya ya ce iyayensa za su zo su gana da Baba, Mama ta taka kujera da kanta, da ciwon gwiwarta da komai, ta sauke shi ta rataya wani shuɗi mai zanen ganye. Ta sa an wanke kafet. Ta fito da kofunan gilashin da tun ina firamare nake ganinsu a kabad, ban taɓa ganin an sha ruwa da su ba.

Ban hana ta ba. Ni ma a lokacin murna nake yi, kada in yi muku ƙarya.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da bakwai, kuma Mama ta fi ni sanin wannan lissafin. Aikina rubuta manhaja ne a wani ƙaramin kamfani da ke hawa na uku. Mu goma sha huɗu ne a ɗaki ɗaya, da na'urar sanyaya ɗaki mai ɗigar ruwa cikin bokiti. Injiniya shi ne shugaban ɓangarenmu, kuma shekara ɗaya da rabi ke nan muna soyayya. Ba wanda ya haɗa mu, ni na zaɓe shi da idona biyu a buɗe. Dogo ne, mai tsafta, mai taushin murya, irin mutumin da in ya zo gidanku sai ya tambayi mahaifiyarki ya gwiwa kafin ya tambaye ki ya kike. Ƙwaƙwalwa yake kirana. Da, in na ga wannan sunan a allon wayata, sai in rufe fuska da tafin hannu ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Sai na ɗan yi muku bayanin aikin, in ba haka ba ba za ku gane abin da na aikata ba.

Idan manhaja ta faɗi, ba ta faɗuwa shiru. Kafin ta mutu tana zubo wani dogon jeri a allo: wannan layin ya kira wancan, wancan ya kira na gaba, tun daga inda aka danna maɓalli har inda abin ya karye. Sawu muke ce masa a ofis. Da shi ake gano inda matsala take, in an iya karanta shi. Sawu ɗaya yakan haura layi ɗari, kuma yawancinsu ba namu ba ne, na kayan aro ne, wato rubutun da wasu can suka yi kowa ke ɗauka ya yi aiki da shi. Sai mutum ya yi ta zare ido yana neman layuka uku ko huɗu namu a cikin wannan tarkacen.

Wata bakwai na yi ina gina wani ɗan kayan aiki da zai rage mana wannan wahalar. Yana naɗe layukan aro, ya bar ɗan rubutu a gurbinsu cewa an naɗe layuka kaza. Namu kuwa ya jera su tsaf, sunan fayil a hagu, lambar layi a dama. Layinmu na ƙarshe kafin faɗuwar sai ya shafa masa jan launi, ya rubuta sunan wanda ya taɓa shi a ƙarshe. Ranar da na gwada shi a gaban mutane, Maman Biyu ta cire tabaranta ta ce, “Wannan ai matsefi ne, ya tsefe mana kai tas.” Sunan ya bi shi.

Maman Biyu ce mai teburin da ke jingine da nawa. Ta girme ni da shekara goma sha biyu, tagwayenta suna aji uku, mijinta direban babbar mota ne da yakan yi sati uku bai ga gida ba. Ita ta koya mini aiki. Satina na farko na goge wani fayil da bai kamata in taɓa ba, na shige banɗaki ina kuka. Ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, “Fito ƙanwata, na dawo da shi. In kin gama kukan akwai biskit a durowata.” Ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

To, ranar Talata, ƙarfe takwas saura minti ashirin na safe, ina cikin bas saƙon Injiniya ya shigo.

“Ƙwaƙwalwa, manhajar asibiti ta faɗi. Manaja na son bayani ƙarfe tara. Sawun ya yi tsawo, ba zai gane komai ba. Da kin iso ki sa Matsefi ya naɗe duk abin da ke cikin foldar gama-gari, ai kayan aro ne. Hannunki kaɗai na yarda da shi.”

Wannan manhajar ita ce babban aikinmu. Ita ke ba marasa lafiya layi a wani asibiti, ita ke kai sakamakon gwaji gaban likita. Na iso ina haki, ko jakata ban ajiye ba na buɗe kwamfuta. Layi ɗaya na ƙara a dokokin Matsefi. Minti biyar bai ɗauke ni ba. Ban buɗe ɗanyen sawun, wanda ba a naɗe ba, na duba ba. Me zan duba? Shugabana ne ya faɗa, kuma mutumin da zan aura. Na tura masa, “An gama,” har da ɗan hoton zuciya a gefe.

Ƙarfe tara muka taru. Manaja ya tsaya gaban babban allo hannayensa a baya, wayarsa na ta ruri a kan tebur. An ce layin marasa lafiya ya sauko har matakala, akwai wata mata da aka shirya yi wa aiki aka dakatar saboda sakamakon jininta bai fito ba. Injiniya ya haska sawun. Ya fito tsaf, layi tara kacal, sauran duk a naɗe rukuni-rukuni, kyakkyawa kamar yadda na tsara shi. Jan layin yana kan fayil ɗin Maman Biyu, da sunanta a gefe. Ƙarƙashinsa ɗan rubutu mai ruwan toka: an naɗe layuka talatin da takwas.

Maman Biyu ta gyara tabarau ta daɗe tana kallo.

“Layina kira kawai yake yi,” ta ce. “Ya kira wani abu, abin ne bai dawo da amsa ba. Mene ne a cikin waɗannan da aka naɗe?”

Manaja ya juyo gare ni, tunda kayan aikina ne.

Na ce, “Kayan aro ne yallaɓai. Ba namu ba ne.”

Da bakina na faɗa. Ba wanda ya matsa mini. Har wani ɗan alfahari na ji, ganin Manaja ya gyaɗa kai ya gamsu da maganata. Maman Biyu ta kalle ni, kallo ɗaya, ta mayar da idonta kan tebur. Injiniya ya ce a bar masa, zai gyara da kansa, kuma kafin sha biyu manhajar ta tashi. Asibitin suka ce sai an nuna musu an hukunta wani. Da yamma aka ce wa Maman Biyu ta je gida sai an neme ta. Ta kwashe kofinta da hoton tagwayenta ta zuba a jaka. Na raka ta har bakin matakala ina cewa, “Ki yi haƙuri Anti, kowa na kuskure.” Ta ce, “Haka ne.” Ta sauka.

Kwana tara na yi ina tura mata saƙo. Amsarta ba ta wuce “Lafiya lau” da “Na gode.” Na ɗauka kunya ce.

Ranar Alhamis ta satin da ya biyo, saura kwana biyu baƙinmu su zo, ina wani ɗan gyara a Matsefi. Idan sunan fayil ya yi tsawo yana ture lambar layi ta faɗa ƙasa, jerin ya karkace. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Ina bukatar dogon sawu na gaske in gwada da shi, sai na tuna na ranar Talata. Na buɗe shi ɗanye, yadda manhajar ta zubo shi, layi ɗari da arba'in da uku.

Ina gangarawa ina neman dogayen sunaye, idona ya tsaya.

Nan da nan bayan layin Maman Biyu akwai layuka uku da ba na aro ba. Suna cikin foldar gama-gari, amma namu ne. Na buɗe tarihin fayil ɗin. Injiniya ne ya sauya shi ranar Litinin da yamma, bai ba kowa ya duba masa ba, abin da shi da kansa yake yi wa mutane faɗa a kai. Ranar Talata ƙarfe goma sha ɗaya ya mayar da shi yadda yake, ya rubuta a wajen bayani: gyaran kuskuren ɓangaren sakamako. Ɓangaren sakamako na Maman Biyu ne.

Na karanta sau huɗu. Ina jin ɗigar ruwan nan cikin bokiti, ɗis, ɗis. Can gefe Injiniya na dariya da wani a kan ƙwallo.

Na jira aka tashi. Ya saba sauke ni a hanya ranar Alhamis, don haka na bi shi mota kamar kullum. Motar na ƙamshin turaren da ni na zaɓa masa. Kafin ya tayar na ɗora kwamfutar a cinyata na juya masa allon.

Ya kalla. Bai razana ba, wannan ne abin da ya fi ba ni tsoro. Ya dai sauke numfashi ya jingina.

“Me ya kai ki can?”

“Abin da za ka fara tambayata ke nan?”

“Ƙwaƙwalwa, saurare ni. Kuskure ne, na yi sauri. Da an ga sunana a wannan allon, da muƙamina ya tafi. Kin san abin da ke gabanmu. Da wane ido zan kalli Baba jibi in ce an sauke ni?”

“Ita kuma fa?”

“Dakatarwa ce kawai. In ƙura ta lafa ni zan sa a dawo da ita.”

“Ka tambayi Manaja?”

“Lokaci bai yi ba.”

“Ka sa na yi ƙarya a gaban mutane.”

“Ban sa ki ba. Tambayarki aka yi kika amsa.”

Na ce masa gobe da safe ya je ya faɗa wa Manaja gaskiya, in ba haka ba ni zan faɗa. Ya buga yatsa a kan sitiyari. Da ya yi magana, muryarsa ta ƙara laushi, irin wadda yake gaishe da Mama da ita.

“Ki buɗe tarihin Matsefi ki ga sunan wa ke kan dokar naɗewar.”

“Kai ka ce in yi. Saƙonka na nan.”

“Yana nan?”

Na ciro waya. Na yi ta jan hirarmu sama. Babu. Tun farkon soyayyarmu ya saita saƙonninmu su riƙa gogewa da kansu bayan kwana bakwai, wai kada wani ya ɗauki wayata ya karanta sirrinmu. A lokacin har daɗi na ji, na ce yana kishina. Saƙo mafi tsufa da ya rage shi ne na Juma'ar da ta wuce: “Wane launi za ki sa ranar Asabar? Ina so mu dace.”

“Ba barazana nake miki ba,” ya ce. “Nuna miki nake jirginmu ɗaya. In na nutse, da ke.”

Na rufe kwamfutar, na buɗe ƙofa na fita. Ya biyo ni a hankali da motar har bakin titi yana cewa in shigo mutane na kallo. Na tare tasi.

A gida na tarar da Yaya ta zo da rigar da ta karɓo mini daga wajen tela. Yayata ce ta farko, 'ya'yanta uku, kuma tun da aka fara maganar nan ta naɗa kanta shugabar shirye-shirye. Ta shimfiɗa rigar a gadon Mama, doguwa ce ruwan zuma da ɗinkin zare a wuya da bakin hannu, ga mayafi mai santsi da takalmi a gefe.

“Zo ki gwada, in ƙugun ya yi yawa a mayar gobe.”

Na zauna a bakin gado na gaya musu komai. Na yi ƙoƙarin sauƙaƙa bayanin, na ce shi ya yi ɓarna, ya sa na rufe wurin, aka kori wata.

Mama ta ajiye mayafin da take ninkewa.

“An kore ta ko an dakatar da ita?”

“Dakatarwa, amma Mama…”

“To ai da sauƙi. Ya ce zai dawo da ita?”

“Ya ce.”

“To me kike so kuma?”

Yaya ta yi tsaki. “Ni ban gane ba. Ita wannan matar uwarki ce ko ubanki? Kowane ofis haka ake yi. Kin ɗauka maigidana bai taɓa ture laifi kan wani ba? Namiji ya kare aikinsa saboda ke, ke kuma kin zo kina mana wa'azi.”

“Ba saboda ni ba ne Yaya. Da ni ya yi.”

“Ji Turancin banza. Da ke, saboda ke, duk ba ɗaya ba ne?”

“Auta,” Mama ta ce, ta kamo hannuna. Idonta ya kawo ruwa, kuma na san ba na wasa ba ne. “Shekara nawa ina amsa tambayar mutane a kanki? Kowa ya gan ni sai ya ce ya mai kwamfuta, har yanzu shiru? Yanzu Allah ya kawo mutum mai hankali, mai mutunta mu, an gaya wa dangi, kawunki na hanya. Ki rufa mini asiri. Ki bari Asabar ta wuce, sai ku sasanta tsakaninku.”

Baba na zaune a baranda da rediyonsa, ƙofa a buɗe. Ban san ko ya ji ba. Tsohon makaniki ne, magana ba ta dame shi ba. Da na fito zan wuce ɗakina ya rage muryar rediyon.

“Ita matar tana da yara?”

“Biyu, Baba.”

Ya gyaɗa kai ya mayar da muryar. Shi ke nan abin da ya ce.

Na gwada rigar. Ta zauna mini kamar a jikina aka ɗinka, Yaya har da tafi.

Ranar Juma'a Injiniya bai kalli inda nake ba, ni ma haka. Saƙo ɗaya ya turo da rana: “Na san ranki a ɓace yake. Na ɗauki mataki, komai zai daidaita. Ki yarda da ni.” Na ce ko ya je ya faɗi gaskiya ne? Kun ga irin wautata.

Ƙarfe uku na nemi izini na tafi gidan Maman Biyu. Ɗaki biyu ne a bayan wani shagon gyaran waya. Na same ta a ƙasa kan tabarma, tsohuwar kwamfutarta a kan kujera, tana cike takardar neman aiki. Tagwayen na rubutun gida a gefe, suna faɗa a kan abin goge fensir. Ta tura su ɗaya ɗakin, ta zuba mini shayi.

Na buɗe kwamfutata na nuna mata ɗanyen sawun. Na sa yatsa a kan layuka ukun.

Ko sunkuyowa ba ta yi ba.

“Na sani,” ta ce.

“Kin sani?”

“Tun ranar. Ni na rubuta layin nan, na san abin da yake kira. Kafin a rufe mini shiga kwamfutar ofis na buɗe ɗanyen na gani.”

“To me ya sa ba ki faɗa ba, Anti?”

“Na tambaya a gaban kowa. Kika amsa.” Ta juya cokali a kofinta. “Shugaban ɓangare ya ce ni ce. Mai kayan aikin ta ce ni ce. Allo ya ce ni ce, da jan launi. In tashi in ce duk ƙarya kuke, wa zai saurare ni? Sai a ce ga mai laifi tana neman wanda za ta shafa wa.”

“Wallahi ban sani ba. Ban duba ba.”

Ta ɗago ta kalle ni sosai, kallon da take yi wa rubutun sabon ma'aikaci.

“Ni na ɗauka kin sani. Na ce yarinya za ta yi aure, ta zaɓi mijinta. Ban ji daɗi ba, amma na gane. Kwana goma ina ƙoƙarin yafe miki wannan.” Ta ɗan yi murmushi mara daɗi. “Yanzu kin zo kin ce ba ki duba ba. Ni na koya miki aiki, ƙanwata. Me na fara gaya miki?”

“Kada in yarda da abin da ban buɗe da hannuna ba.”

“To ban san wanne ya fi mini ciwo ba.”

Na yi kuka a kan tabarmarta, ba ta rarrashe ni ba. Ta bari na gama, ta miƙo mini tsumma. Na tambaye ta ko maigidanta ya sani. Ta ce yana hanya, ba ta son ya ji yana tuƙi, kullum ya kira sai ta ce masa tana ofis.

A nan, a gabanta, na rubuta wa Manaja. Ban yi ado ba. Na liƙa ɗanyen sawun gaba ɗaya, na liƙa tarihin fayil ɗin da ranaku da sa'o'i. Na ce ni na ƙara dokar da ta naɗe layukan, bisa umarnin shugaban ɓangare, ban duba ba, kuma amsar da na bayar a taro ba gaskiya ba ce. Maman Biyu ta karanta ta ce, “Kin san abin da wannan zai jawo miki?” Na ce na sani. Na tura ƙarfe biyar da minti goma.

Ashe ban sani ba.

Asabar ta zo. Tun safe gidan ke ƙamshin girki da sabulun goge ƙasa. Kawu ya iso, ya zauna da Baba a falo. Yaya ta zaunar da ni gaban madubi tana shafa mini hoda, tana faɗan idona ya kumbura.

“Ki saki fuska don Allah. Kamar wadda za a kai asibiti.”

Ƙarfe huɗu muka ji tsayawar mota biyu. Na leƙa ta taga. Mahaifinsa ne da mahaifiyarsa da wata gwaggonsa, sai shi a baya, cikin kaya ruwan zuma, launin rigata sak. Na ji muryar Mama tana marhabin, wata murya mai zaƙi da ban taɓa jin ta yi amfani da ita a kanmu ba. Yaya ta fita taya ta, ta ce in jira sai an kira ni.

Wayata ta yi ƙara a kan gado. Manaja ne.

“Na ga saƙonki. Shugaban ɓangarenku ya riga ya same ni jiya da safe. Ya amsa cewa gyaransa ne ya jawo matsalar, ya ce bai gane ba sai daga baya, domin kin naɗe layukan ba da saninsa ba don ki kare shi, saboda abin da ke tsakaninku. Ya roƙe ni kada in kore ki. Yanzu ke kuma kin ce shi ya umarce ki. In kina da shaida ki zo da ita ranar Litinin ƙarfe takwas. Kafin nan an rufe miki shiga. Ita wadda aka dakatar za ta dawo bakin aiki.”

Na karanta layin ƙarshe sau biyu, na ce alhamdu lillahi a fili. Sannan na koma sama na sake karantawa a hankali, kalma bayan kalma. Matakin da ya ce ya ɗauka ke nan. Ya je ya zama mai gaskiyar da ya amsa kuskurensa, mai tausayin da ya roƙa wa budurwarsa. Ni kuma na zama yarinyar da soyayya ta rufe wa ido ta lalata shaida, ta ja aka kori uwar yara biyu, yanzu kuma take neman juya magana. A wannan sana'ar tamu, wa zai sake ba ni amanar kayan aikinsa?

Ina riƙe da wayar wani saƙon ya shigo. Daga falonmu aka turo shi, taku goma daga inda nake zaune.

“Kin yi kyau na sani tun ban gan ki ba. Kada ki damu da ofis, na gyara komai. In ma aikin ya tafi, ai kina da ni.”

Yaya ta turo ƙofa. “Taso, ke ake jira. Ɗauki tiren nan, ki riƙe da hannu biyu, kuma ki yi murmushi.”

Na ɗauka. Wayar na matse ta a tafin hannuna ƙarƙashin tiren. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe da iyayensa. Mahaifiyarsa ta kamo hannuna ta ce, “Masha Allah, 'yata, kullum zancenki yake.” Mace ce mai kirki, ba ta san komai ba. Shi kuwa yana gefe kansa a ƙasa, yana murmushin kunya. Mama na bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta.

Mahaifinsa ya yi gyaran murya ya faɗi abin da ya kawo su. Kawu ya amsa da kalamai masu daɗi, har ya fara cewa ai magana ta ƙare. Baba ya ɗaga hannu.

“Ba ta ƙare ba tukuna,” ya ce. “Ni ba ni zan zauna da shi ba.” Ya juyo gare ni. Tun da nake ban taɓa ganin ya kalle ni kai tsaye haka a gaban baƙi ba. “Auta, ga su sun zo. Daga bakinki nake son ji.”

Na ga Mama ta girgiza mini kai a hankali, leɓenta na motsi, don Allah, don Allah. Na ga Yaya ta zare mini ido. Injiniya ya ɗago, ya ga wayar a hannuna, murmushin ya tsaya masa a fuska.

Na ajiye tiren a kan tebur. Na buɗe wayar.

“Baba,” na ce, “kafin in amsa, akwai saƙo biyu da suka shigo mini yanzu. Ina neman izininka in karanta su a gaban kowa.”

Baba ya gyara zama ya ce, “Karanta.”